Jakar takardu na fara ɗauka

Saint-Fons, daren Litinin

Har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Gab da azahar ina yanka albasa sai kofuna suka hau kaɗawa, fitilar falo tana lilo. Na ɗauka masana'antar su Baban Nana ce ta fashe, ashe girgizar ƙasa ce. Ko minti guda ba ta yi ba.

Inna tana kan darduma, ba ta motsa ba, sai salati. Ta ce in ajali ne gara ya iske ta a nan. Nana kuwa ta shige ƙarƙashin tebur ta rungume ƙafarsa, yadda aka koya masu a lakwal, makarantarsu, tana ihu, "Maman, viens!" wato in zo.

Ni fa? Ɗaka na ruga, na jawo jakar takardunmu daga ƙarƙashin gado, mai fasfo da katin zama. Sai da na ƙanƙame ta a ƙirji na tuna ina da ɗiya.

Da Baban Nana ya dawo dariya ya yi, wai ko tsagewa bango bai yi ba. Ai ba shi ya sha sanyin layin préfecture, ofishin da ke ba da katin zama, tun asuba ba. Abin da zaman ƙasar nan ya mai da ni ke nan.

Da zan kwantar da Nana ta ce, da gurguwar Hausarta, "Maman, in ta sake zuwa, ki sa ni cikin jakar." Ba wasa take ba.

Ga jakar nan gefen matashina. Allah ya gani, na kasa mayar da ita.