Dada, Baba Ya Yarda An Shafa Masa Magani

Zuwa ga mahaifiyata Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Mu nan unguwar Roumdé Adjia kowa lafiya. Shekara biyu ke nan da rasuwarki, amma har yanzu in abin dariya ya faru a gidan nan, ke nake fara nema in ba labari.

Ƙazwa ce ta shigo mana, Dada, kuma Baba ne ya kawo ta, ko da yake har gobe ba zai amsa ba. Ya je Meiganga ta'aziyyar wani abokin cinikinsa, ya kwana uku a masaukin baƙi, shimfiɗa ɗaya da fataken shanu. Bayan kamar wata guda ya fara susa, tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu. Ya ce zafin Garoua ne, kowace bazara haka yake yi masa. Kin san ba a taɓa yin haka ba.

Daga shi sai ni, sai ƙanwata Balki, sai Zulai matata, wadda kika yi wa lalle da hannunki. Lokacin cikinta na fari ya kai wata takwas. Da kin ga gidanki da kin yi dariya har da hawaye. Kowa yana susa, kowa yana ɓoyewa. Baba kuwa sai ya jingina da darbejiyar tsakar gida yana goga baya a hankali, in na dube shi ya ce inuwa yake sha.

Mun gwada abin da muka gada a wurinki, man kaɗanya da wanka da ruwan ganyen darbejiya. Babu canji. Sai Baba ya sayo wani man shafawa a teburin kasuwa. Kwana biyu ƙaiƙayin ya lafa, yana ta yi mana gori, daga nan ƙurajen suka bazu fiye da da. Hannuwansa suka kumbura, wuraren da ya sosa suka fara ruwa. Ya daina ba mutane hannu a masallaci, yana cusa su cikin riga. Da ya kwana huɗu bai fita rumfarsa ta yadi ba, mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi kasuwa, na san abin ya wuce wasa.

Awon cikin Zulai ne ya cece mu. Ungozomar asibiti ta ga wuyan hannunta, ta tura mu wurin likitar fata. Wata mata ce 'yar ƙauyukan kan duwatsu, Kirista, mai fara'a, tana Hausa tana haɗawa da Faransanci. Ta duba tsakanin yatsunmu da gilashi mai ƙara girman abu, ta ce "la gal", wato ƙazwa. Ta bayyana mana cewa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana shiga ƙarƙashin fata yana ƙwai, kuma ba ruwansa da zafi ko ƙazanta, ko mai wanka sau biyar yana kamuwa. Na nuna mata man kasuwar. Ta ce irin mai kwantar da ƙaiƙayi ne kawai, ƙwaron kuma ya samu sarari ya yi ta haihuwa. Sannan ta daina murmushi ta ce dole duk gidan a yi magani rana ɗaya, in mutum ɗaya ya ƙi zai sake rarraba wa sauran, kuma jariri in ya kamu, ƙurajensa suna saurin zama gyambo.

Na kawo wa Baba maganar, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ni da furfurata a ce ƙazwa? Ciwon yara ke nan. Ku da ya kama ku je ku yi magani." Sau uku ina komawa, har a na ƙarshe ya ce in tashi in ba shi wuri.

Ina ba Zulai labari sai na tuna abin da kike gaya mana, cewa Babanku ba a ce masa ka yi, sai dai a ce masa ba zai iya ba. Zulai ta ce in bar mata. Bayan la'asar ta kai masa shayi ta durƙusa, ni ina laɓe a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, mun yi shawara kada a takura maka. Maganin yana da raɗaɗi, manya ba su cika jure shi ba. In Allah Ya sauke ni lafiya, sai kawuna ya zo ya yi wa jaririn huɗuba, tunda likita ta ce mai ƙurajen ba zai ɗauke shi ba." Baba ya ɗauki shayinsa ya kurɓa. Washegari da na fito tayar da babur, na same shi tsaye a zaure cikin babbar riga, yana faɗa wai na ɓata masa lokaci.

A asibiti aka ce ya hau sikeli, domin ƙwayar da za a sha da nauyin mutum ake ba da ita. Ya ƙi cire babbar rigar. Likitar ta yi dariya ta ce, "To Alhaji, zan cire wa rigar kilo ɗaya." Ta fara rubuta masa maganin da zai busar da gyambunan hannunsa na kwana biyar. Ni da shi da Balki ta rubuta mana ƙwaya, a sha sau ɗaya a maimaita bayan mako guda. Zulai ba a ba ta ƙwaya ba saboda cikin, sai wani man shafawa da ba ya cutar da mai juna biyu. Baba kuma, da yake nasa ya yi yawa, aka ƙara masa da ruwan magani da za a shafa daga wuya har tafin ƙafa, a bar shi ya kwana.

Ranar maganin mun fito da babbar tukunyarki ta taro. Balki ta hura wuta, muka yi ta tafasa zannuwa da riguna da rigunan filo. Katifu muka shanya a rana. Hulunan Baba da rigunansa masu aiki muka ɗaure a leda, za su yi mako a ciki. Maƙwabta suka ga hayaƙi da tukunyar taro, suka ɗauka Zulai ta haihu. Mata uku suka shigo da barka, Balki ta buɗe musu tukunya suka ga wandon Baba yana tafasa.

Ni na shafa masa maganin, Dada. Ya zauna a kan kujerarki 'yar tsugune, ya juya mini baya. Ban ƙara ganin bayansa haka ba tun ina ƙarami yana ɗora ni a kafaɗa. Ya rame, ƙasusuwan kafaɗar sun fito. Maganin yana da raɗaɗi da gaske, amma salati kawai yake yi. Da na kai tsakiyar baya ya ce a hankali, "Da tana nan, da ita za ta yi." Na ce haka ne, Baba. Na ci gaba da shafawa har na gama.

Bayan mako muka maimaita. Ƙaiƙayin bai tafi nan take ba, ya ƙara kusan mako biyu, Baba yana cewa ga shi nan, an wahalar da shi a banza. Amma likitar ta riga ta gaya mana haka zai yi ko bayan ƙwaron ya mutu. Ƙurajen suka bushe, fatar hannunsa ta sale, sabuwa ta fito sumul. Yanzu a kasuwa duk wanda ya ba shi hannu sai ya buɗe masa yatsu ya duba. Mutum biyu ya riga ya tura asibiti, yana gaya musu wai shi tun farko ya san ƙazwa ce, yaran gida ne suka yi ta gardama.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, Zulai ta sauka lafiya. Mace ce, mai dogayen yatsu irin naki, fatarta ko ɗigo babu. Da muka dawo gida Baba ya yi alwala, ya wanke hannu da sabulu sau biyu, ya zauna ya miƙo su. Na ɗora masa ita. Ya yi mata kiran salla a kunne, sannan ya sunkuya ya raɗa mata suna. Ina kusa, na ji. Duk tsawon rayuwata ban taɓa jin ya kira sunanki ba, sai dai "uwar yaran nan" ko "ke". Ranar ya faɗe shi sau biyu, na biyun ba a kunnen jaririyar ba. Ya daɗe riƙe da ita, sai da Balki ta roƙa kafin ya bayar.

Allah Ya jiƙanki, Dada, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya raya takwararki a kan halinki, Ya ƙara wa Baba lafiya da tsawon rai, Ya saka wa likitar nan da alheri, Ya ba duk mai fama da ciwon fata sauƙi. Allah Ya haɗa mu da ke a Aljanna. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Habu
Garoua