Alwalar Shekara Talatin

Urno, watan Rajab

Zuwa ga ƙanena Alhusaini, mushen lakwal ta Madawa, wato malamin makarantar boko.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan kana lahiya, kai da Sabuwa da ɗiyanku. Mu nan sai godiya.

Ran da ka zo gaishe ni ka bar mini maganar da ta hana ni sakat. Ka ce littafinka na Faransanci ya nuna ruwa ba abu guda ba ne, iska ce iri biyu ta haɗu, okisijen da idirojen. Na sauya magana don kada in kunyata ka gaban baƙi. Amma ka sani, mahaifinmu, Allah Ya jiƙan shi, ya karantar da mu cewa ba a alwala da ruwan da aka gauraya da wani abu. Shekara talatin ina salla. Na tambayi raina: Zaliha, da me za ki tsaya gaban Ubangiji?

Saboda haka na koma taimama. Bakin rijiya nake yin ta, don ƙasar can ta fi tsabta. Cima maƙwabciyata ta shaida wa mata cewa ko dai na zama waliyyiya ko kaina ya taɓu, kuma ita ta fi zaton na biyun. Na ci gaba da taimamata. Ina tsoron ma girman kai ne ya hana ni rama mata, ba haƙuri ba.

Ka rubuto mini gaskiya don Allah: gauraye yake, ko ba gauraye ba?

Yayarka, Zaliha

Urno, ƙarshen Rajab

Ƙanena Alhusaini, gaisuwa mai yawa da tambayar lahiyar gidanka.

Takardarka ta iso, na karanta sau uku. Ga abin da na fahimta. Kowace ƙwayar ruwa, wadda ido ba ya gani, 'yan ƙananan abubuwa uku ce da ka kira atom. Idirojen biyu, kowanne da ɗan abin da ka kira elektiron guda ɗaya, yana bukatar biyu. Okisijen yana da shida a waje, yana bukatar takwas. Babu mai ƙwace na wani. Kowa ya miƙo ɗaya, su riƙe biyun tare, riƙon nan shi ya ɗaure su har suka zama abu sabo. Na ce ashe kamar ni da Cima ne: igiya tawa, wasakin fata nata, guga namu. Shekara goma sha ɗaya ba mu shiri, ba mu rabuwa.

Duk da haka raina bai kwanta ba, sai na kai maganar ga liman, Malam Alƙasim. Ya tambaya ko launin ruwan ya sauya, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa. Na ce a'a. Ya tambaya wa ya haɗa iskar. Na ce a cewarka haka ruwan yake saukowa daga sama. Ya ce to, in ina da ƙara, ba gare shi zan kai ta ba. Sallar shekara talatin tana nan daram. Na yi hamdala har hawaye ya zo mini.

Ina shirin tashi ya tambaya kwana nawa na yi ina taimama ga rijiya cike a gabana. Na ce tara.

Ya ce, "Waɗannan kam, malama, sai ki rama su duka."

Na fara tun jiya, Cima tana janyo mini ruwan alwala tana dariya.

Ka gaida Sabuwa. In littafinka ya faɗi wani abu game da gero, ka bar shi a cikinka.

Yayarka, Zaliha