Wa Ya Tambayi Saratu?

Yaya Ladi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Baba, yaya maigida da yara, yaya damina? Ina fata kowa lafiya.

Kin ji an daɓa wa ɗana Ishaya wuƙa a nan unguwarmu ta Plumstead, amma ba ki ji sauran ba. Yana jiran bas wasu samari suka tare shi saboda wayarsa, suka soke shi a ciki da cinya. Aka kira ni na ruga wurin, da ɗankwalina na danne ciwon, jini na bin hannuna, har motar asibiti ta iso. Ya rayu, yanzu har tuwo yake ci.

Wani dattijo daga cocin da na daina zuwa ya zo dubiya asibiti. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, wai in yi koyi da Ibrahim, wanda ya ɗaga wa ɗansa wuƙa ba gunaguni. Yaya, ban san sanda na jefe shi da kofin shayi ba, na fasa masa leɓe. Na ce, "Baba, uwar yaron fa? Wa ya tambayi Saratu?" Sai da nas ta riƙe ni.

Ban bar Allah ba, kada ki tayar wa Mama da hankali. Kullum ina karanta labarin nan na Ibrahim ni kaɗai a gida, ina yi Masa tambayar. Bai amsa ba tukuna.

Ki gaida kowa. Ku sa Ishaya a addu'a. Ni ma ina yi, amma tawa har yanzu faɗa ce.

Ƙanwarki,
Rifkatu