Finjali Shida

Daren Alhamis, watan Sha'aban, Umdurman

Yau ma ɗana Usman bai zo kallon wasanmu ba. Na sa an ajiye masa kujera a layin gaba, idona na kanta har aka rufe labule. Da na kira shi, cewa ya yi, "Inna, abokaina a Alhilla Kuku suna ta yi mini magana, wai a shekarunki kina hawa dandamali gaban maza." Na kashe wayar.

A wasan ni ce kakar gida. Ina zuba wa jikoki biyar gahawa daga jabana, butar gahawa, wadda babu ko ɗigo a cikinta, su kurɓi iska suna yaba hannuna. Autarsu takan kwantar da kai a cinyata. Ana tashi ta ce, "Sai gobe, Hajiya," ta ruga neman raksha, wato keke mai ƙafa uku.

Da na dawo na soya gahawa ta gaske, na daka da citta. Sai da na cika finjali na shida na tuna ni kaɗai ce a gidan.

Gobe ne wasan ƙarshe.