Zuwa Ga Yayana Da Ya Sauka A Tashar Kano

Yaya Isiyaku ɗan Malam Habu na Daudawa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya a duk inda wannan takarda ta iske ka. Ni ne Haruna. Ban san garin da zan rubuta a bayan ambulan ba, shi ya sa na kwafe ta da yawa, na rarraba wa direbobin da ke bin hanyar Yerwa da fataken da ke yin gabas. Wanda ta faɗa hannunsa in ba kai ba ne, don Allah ya miƙa ta gaba.

Yau wata huɗu ke nan rabona da kai. An fara awon auduga a nan, ina bakin aikina, amma sau da yawa sai in tsaya da hannu a kan sikeli in rasa lambar da na gani, sai manomi ya taɓa ni. Har yanzu ban gama dawowa daga tashar jirgin ƙasa ta Kano ba.

Ina da shekara tara kuka fita, kai da Baba, da jaki guda, za ku Makka a ƙasa. Bayan shekara biyar wani alhaji mutumin Sabuwa ya kawo saƙonka: Baba ya sauke farali, ya rasu a Makka, an rufe shi a can. Inna ta yi kuka, sannan ta yi hamdala. Shekara goma sha shida tana gaya wa duk wadda ta shigo gidanmu cewa Malam ya dace, ya kwanta inda kowa ke roƙon kwanciya. Ni ma da wannan na girma. Yara in sun yi taƙama da shanun ubansu, ni da kabarin nawa nake yi.

Bana da Allah ya hore mini, na tafi ta jirgin sama. Ka san yadda na gan ka: a unguwar mutanenmu a Makka, kana ɗauke da garwa biyu a sanda, kana sayar da ruwa. Fuskar ban gane ta ba, gemu ya rufe ta, furfura ta cinye shi. Muryar ce. Ka ce wa wata tsohuwa, "Tahi da lahiya, Iya," sai na ji kamar Baba ne yake sallamar baƙo a zaurenmu. Na ajiye abin da ke hannuna na bi ka. Da na roƙe ka ka nuna mini kabarinsa, ka ce kaburburan Makka ba su da alama. Gaskiya ne, na gani da idona, don haka na yarda. Da na ce ka biyo ni gida, kwana uku kana cewa a'a, ran na huɗu ka ce to.

A cikin jirgi kai ne a bakin taga. Sauran alhazai wasu na salati, wasu na amai a cikin jakar takarda, kai kuwa ka manna goshi a gilashi ba ka ɗaga ba. Bayan mun tashi daga Hartum, inda aka sha mai, ƙasa ta koma ja, ba gari ba itace sai jefi-jefi. Ka tambayi ma'aikacin jirgin ko ina ne nan, ya ce mun kusa barin ƙasar Sudan. Ka ce, "Shekara uku muka yi muna tahiyar nan." Na yi dariya, na ce ka ga ikon Allah, yau ga shi ko abincin da aka ba mu bai gama narkewa ba. Ba ka taya ni dariyar ba. Na ɗauka jiri ne.

Da hantsi muka sauka Kano. An yi ruwa, filin jirgi sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mutane suka zube suna sujada a kan kwalta, Alhaji Barmo na Ƙanƙara, dattijon da muka yi ɗaki ɗaya da shi, har da hawaye. Kai kana tsaye, ƙunshinka a hammata. Muka bi layi. Likita ya duba takardun rigakafi, wani ya buga mana hatimi, 'yan kwastan suka buɗe akwatuna suna ɗaga dardumai, suna girgiza gwangwanayen zamzam. Da suka zo kan ƙunshin nan naka ka riƙe shi da hannu biyu, ka ce littafi ne. Suka dube ka, suka bar ka.

A waje aka ce mana jirgin ƙasan da ke zuwa Ikko zai tashi bayan azahar, shi za mu hau zuwa Zariya, a can mu canja zuwa na Gusau mu sauka Funtuwa. In ya wuce mu, sai mu jira wani. Alhaji Barmo ya samo mana wata babbar mota mai jikin katako da ke kwasar alhazai zuwa tasha. Aka loda kaya, muka hau samansu. Ni da kai muka zauna a can baya, gwiwarka na gogar tawa.

Zuciyata fari tas a lokacin. Ina nuna maka kekuna, ina nuna maka gidajen kwano, ina cewa duk wannan babu shi sa'ad da ka tafi. Ina ba ka labarin yadda Inna ta sa an yaɓe ɗakinka tun kafin in tashi, ko da Allah zai sa. Wajen Fagge motar ta faɗa cikin taɓo ta tsaya, direba ya sauka yana faɗa, alhazai suka hau ba shi shawara. A cikin wannan hayaniya ka sunkuyo kusa da kunnena ka ce, "Haruna, Baba bai ga Makka ba."

Na ce, na'am?

Ka faɗa mini a hankali, idonka a kan ƙafafunka. Kun wuce Wadai, ba ku kai Fashir ta ƙasar Sudan ba. Jakin ya mutu. Zawo ya kama Baba, ƙafafunsa suka kumbura, ka goya shi kwana biyu. Ayari ya jira ku yini biyu a gindin wata aduwa, ruwan salka ya kusa ƙarewa, madugu ya ce akwai mata da yara, ba za a ƙara kwana ba. Ka ce za ka zauna da shi. Baba ya miƙa maka gafakarsa ta Alƙur'ani, ya ce ka bi ayari, in ka zauna bai yafe maka ba duniya da lahira. Ka bar masa rabin gora na ruwa.

"Da ransa na bar shi," ka ce. "Ina waiwaye yana ɗaga mini hannu. Ba wanka, ba salla, ba kabari."

Yaya, ban san lokacin da motar ta fita daga taɓon ba. Na dai ga muna wuce dalar gyaɗa, buhuna tsibi-tsibi har sama, ina kallonsu kamar wanda aka tambaya sunansu ya manta. Shekara goma sha shida ina yi wa Baba addu'a ina fuskantar inda na zaci yake, ashe kafin Makka ya kwanta, a fili, ashe da safen nan muka bi ta samansa ina dariya.

Kana jiran in yi magana. Akwai maganganu da yawa da ɗan'uwa zai iya faɗa a wurin, ban faɗi ko ɗaya ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To me za ka ce wa Inna?" Sannan na janye gwiwata daga taka.

Wannan janyewar ita ta fi komai damuna. Ko taƙi ɗaya ba ta kai ba, amma na san ka ji ta.

A tasha ban dube ka ba. Na shiga layin tikiti na yanko uku, na yi ciniki da 'yan dako, na ƙirga akwatuna, na sake ƙirgawa, don kawai kada in juyo mu haɗa ido. Jirgin yana tsaye yana huci, hayaƙin kwal na shiga maƙogwaro, masu tallar ƙosai da rake na bin tagogi. Muka yi sallar azahar a gefen dandamali. Ka tsaya kusa da ni a sahu, na matsa na sa Alhaji Barmo a tsakaninmu. Muka shiga tarago, muka sami bencin katako, ka zauna a gabana.

Da aka kaɗa ƙararrawa ta farko ka ajiye ƙunshinka a kan benci, ka ɗauki buta, ka ce, "Haruna, bari in ɗebo mana ruwa." Ban amsa ba. Ka ɗan tsaya, sannan ka fita.

Aka kaɗa ta biyu. Aka busa usur. Taragon ya yi wata girgiza, ya fara ja. Sai a lokacin na leƙa ta taga, na gan ka a bakin famfo, buta cike tana zuba a hannunka. Na ƙwala maka kira, na ce ka rugo, ka rugo. Jirgin bai yi sauri ba tukuna, ko tsohuwa za ta cim masa. Ba ka ruga ba. Ka ajiye butar a ƙasa, ka tsaya kana kallona, ba fushi a fuskarka, ba komai. Na yi bakin ƙofa zan dira, Alhaji Barmo ya caɓe rigata ta baya da ƙarfin da ban san yana da shi ba, yana cewa, "Kul, Alhaji! Tsohuwarku ba za ta rasa 'ya'ya biyu a rana ɗaya ba."

A Calawa, tasha ta gaba, na sauka, na bar wa Alhaji Barmo kayan. Wani mai keke ya goyo ni zuwa Kano. Na iske butar a inda ka ajiye ta, ba wanda ya taɓa. Kwana biyar ina yawo: zangon baƙi, masallatai, bakin kasuwa, asibiti, har filin jirgin sama na koma. A rana ta biyar wata mai fura a bayan tasha ta ce ta ga mutum irin wanda na kwatanta, Hausarsa na gauraye da Larabci. Ya sha fura, ya tambaye ta inda motocin gabas ke lodi. Na zauna a kan dutse kusa da ƙwaryarta. Na gane inda ka nufa. Yaya, aduwa nawa ce tsakanin Wadai da Fashir? Wace za ka ce ita ce?

Na iso Daudawa ba kiɗa ba guɗa, don Alhaji Barmo ya riga ni da kayan, gari ya san mu biyu muka sauka Kano. Na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Idonta ya yi rauni yanzu, da hannu take gane abu. Na kwance ƙunshinka na sa mata gafakar a cinya. Ta shafa fatar, ta bi maratayin da yatsa har ta kai inda ta taɓa ɗinke shi da kanta. Ta ce, "Wagga ta Malam ce."

Tun daga Funtuwa nake shirya ƙaryar da zan yi mata. Da na buɗe baki sai gaskiyar ta fito, duka, har da abin da na ce maka a mota, har da shirun da na yi a tarago. Na ji tsoron kada zuciyarta ta tsaya a gabana.

Can ta ce, "Halinshi ne. Malam ko furarshi ba ya yarda a jira shi a sha. In ya ce tahi, to ko ɗan sarki ne sai ya tahi." Ta ce wanda ya mutu a kan hanyar ɗakin Allah, Allah ya san inda ya nufa, ba sai an nuna masa kabari ba. Ta tambaye ni ko ka rame. Ta tambaye ni ko kana da takalmi. Sannan ta juyo da fuskarta wajena, ta ce, "Kai kuma, ɗan'uwanka ya ɗauko dutse shekara goma sha takwas ya sauke a gabanka, ka matsa gefe?" Ban taɓa jin muryarta haka ba. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Ita ce ta ce in rubuta komai a buɗe, kada in rage, don duk wanda ya karanta ya sani ba mai ganin laifinka a gidan Malam Habu. In akwai mai laifi, ni ne. Ka yafe mini, Yaya. Kai kana da shekara ashirin da 'yan kai, da ƙishirwa, da umarnin uba a kanka. Ni ina zaune a kan buhun dabino, cikina cike, na yanke maka hukunci.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne ya sa na kasa jira. Ka san kai ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa kama sunanka ba tun da aka raɗa maka shi. Ko mu in muka faɗa a gabanta sai ta kau da kai. Shekaranjiya da la'asar tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a tasa, matan maƙwabta kewaye da ita, aka yi sallama a zaure, wani baƙo ne mai neman hanyar Faskari. Ta saki tasar, gyaɗa ta watse, ta miƙe tana laluben bango. Ta ce, "Isiyaku ne?"

Matan suka dubi juna. Ita kuwa ba ta rufe baki don kunya ba, ta tsaya tana saurare har baƙon ya tafi.

Allah ya jiƙan Baba a inda ya kwanta, ya sa ƙasar ta zama masa sanyi. Allah ya tsare ka daga ƙishirwa da ɓatan hanya da sharrin abin ƙi. Allah ya juyo da fuskarka yamma, ya ara wa Inna kwana har ka amsa mata da bakinka. Amin.

Ni ne ƙanenka mai neman gafararka,
Haruna, malamin awon auduga, Daudawa.