Kwalekwalen da Ya Kusa Zama Itacen Girki

Daga ƙanwarki Safiya, Dutse Uku, Jos.

Yaya Hadiza, assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya mutanen Yawuri?

Yaya, tun ranar da maigidana ya ce ya bar dako a kasuwar Farin Gada zai koma kamun kifi a wani tafki mara zurfi, na kasa ƙarasa littafin da nake karantawa. Har na hango mu a tsakiyar ruwa, yana tuƙi ina rera masa waƙa!

Kafintan da ya yi mana gado shi ya haɗa masa ɗan kwalekwale mai faffaɗan ciki, don kada ya kafe a laka. Ana sa shi a ruwa ya fara yoyo ta ko'ina. Ran maigidana ya ɓaci, ya ce, "Gobe zan faskara shi ki yi girki!"

Na ce, "Haba Oga, a garinmu ai nutsar da sabon jirgi ake yi, katako ya sha ruwa ya kumbura, tsagar ta toshe."

Ya ce, "A littafi kika karanta?"

Na ce, "A wurin Baba na gani."

Muka danne kwalekwalen da duwatsu a cikin ruwa. Da aka ɗago shi bayan 'yan kwanaki, ko ɗigo babu.

Saura tuƙi, don har yanzu in Oga ya riƙe filafili, wuri ɗaya jirgin yake ta juyi. Ki gaida Inna da Baba, ku sa mu a addu'a. Na riga na yanke shawara: ni zan riƙe filafili, shi ya watsa raga.