Umma, Na Kalli Aibin Kafin In Saya

Zuwa ga mahaifiyata, Umma mai atamfa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa a durƙushe, irin wadda kika koya mana, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, kabarinki a yalwace da haske. Na san ba a kai wasiƙa inda kike. Amma ban iya riƙe labari mai daɗi ban kawo miki ba, shi ya sa zan rubuta a nan, inda ƙawayena na zauren karatu suke gani. In sun karanta sai su yi miki addu'a.

Muna nan a Tompkinsville, unguwarmu ta kan tsibiri a birnin New York, a ɗakinmu na sama da shagon 'yan Ghana. Surukinki lafiyarsa ƙalau, yana nan da tuƙinsa da yawan dariyarsa. Ni kuma, kada ki yi tsaki, har yanzu ina karatun littattafan soyayya. Sai dai yanzu a waya suke zuwa, shafi-shafi, duk lokacin da marubuciya ta ga dama. Ba na buɗe wani ban tuna muryarki daga tsakar gida ba: "Hafsatu, in tuwon nan ya kama, sai ki kira saurayin cikin littafin ya kankare miki tukunya."

Amma ba maganar littafi ce ta kawo ni ba. Maganar atamfarki ce.

Kina tuna yadda kike yi idan kin saro kaya daga kasuwar Kwari? Kafin kowa ya gani sai kin warware kowane turmi a kan tabarma, kin ɗaga shi a rana, kina bin sa da yatsa. Inda zare ya ja, ko rini ya yi tabo, sai ki sa ɗan tsinke. Mai saye ta zo, tun ba ta tambayi farashi ba kin buɗe mata wurin. Wata ta taɓe baki ta tafi gidan gaba. Ni ina gefe da littafina ina mamakin yadda mutum zai kori cinikinsa da hannunsa. Sai ki ce, "Haramun ne in ɓoye. Mai kaya shi ya fi kowa sanin aibin kayansa."

Akwai kuma waɗanda kike nuna wa, su kuwa idonsu yana kan zanen furen, bakinsu yana kan labarin bikin da za su sa shi. Su ce, "Haba Umma, naɗe mana kawai." Sai ki riƙe turmin ki ƙi saki, ki ce, "Ni dai na nuna. Kallo naki ne."

Wannan magana ta biyo ni har tsakiyar ruwan New York.

Kin san tun jinyarki nake son aikin nas. Tun ranar da na ga wata ma'aikaciya ta sami jijiyarki a tashi ɗaya, bayan wasu sun yi ta huda ki, na ce ni ma ina son hannu irin wannan. Da na zo nan, na gama ajin Turanci, sai na ga wata talla a tashar St. George, inda muke hawa jirgin ruwa zuwa Manhattan. Hoton wata budurwa ce da hijabi da farar riga, tana dariya a ƙarƙashin bishiyoyi, an rubuta cewa cikin ɗan lokaci kaɗan za ka shiga aikin lafiya. Umma, na kamu. Yadda jarumar littafi take kamuwa tun shafin farko haka na kamu da makarantar nan. Duk wucewa sai na tsaya na kalli budurwar, har na raɗa mata suna. Na kira lambar da ke jikin tallar, wani mai muryar zuma ya amsa, yana kiran sunana daidai kamar a Fagge aka haife shi. Ya ce kujeru sun kusa ƙarewa, in zo in sa hannu.

Surukinki kuwa kin san shi, abin farin ciki ba ya kwana a cikinsa. Kafin in ankara ya gaya wa mutanen masallaci. Ya gaya wa 'yan'uwansa na Kano, har sun fara kirana Nas Hafsatu a waya. Anti Memuna, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, ta kawo mini waakye, shinkafa da wake irin tasu ta Ghana, ta tsaya a ƙofa tana cewa, "Amarya, in ka gama ka fara da gwiwana." Ita ba ruwanta da "ki", kowa "ka" ne a bakinta.

Ranar sa hannu surukinki ya ɗauki hutu a wurin aiki. Ya sa shaddar ɗaurin aurenmu, ya kafa hula, ya rungume jakar takarduna kamar jariri. Muka hau jirgi da hantsi.

Abin da ya cece ni abin dariya ne. Na ɗauko waya in karanta ci gaban littafin da nake bi, an tsaya daidai inda za a tona asirin mugun, sai na tarar marubuciyar ta ce a yi haƙuri, an ɗauke musu wuta, wayarta ba caji. Ga ruwa, ga tafiya, ga ido ya saba da bin layi. Sai na buɗe shafin makarantar in sake kallon bishiyoyina. Na yi ta ja ƙasa, na wuce hotuna, na wuce yabo, har na kai can gindi, inda rubutu yake ƙanana kamar kiyashi. Nan na ga wani wuri da aka ce bayanai ne na dole ga ɗalibai. Na taɓa.

Ashe a ƙasar nan doka ta tilasta wa kwalejoji su warware turminsu a rana. Sai sun faɗi yawan waɗanda suke shiga da yawan waɗanda suke gamawa. Sai sun faɗi hukumar da ta amince da su. Sai sun faɗi abin da zai faru in ka fasa a tsakiya, da laifuffukan da aka aikata a harabarsu, da kuma ko karatunsu zai kai ka ga lasisin aikin da kake nema. Ba hoto, ba kwalliya, rubutu ne busasshe mai sa hamma. Amma ni da na saba bin labari mai shafi ɗari-ɗari don in ji ko za a yi aure, wannan ba zai gagare ni ba.

A nan na ga tsinken. Da bakinsu suka rubuta cewa wannan kwas ba ya ba mutum damar zama jarrabawar lasisin nas. Satifiket ne na mai taimako a ofishin likita. Suka ƙara da cewa ba su yi alkawarin wata makaranta za ta karɓi darussan ba in mutum ya so ci gaba. Aiki ne na halal, ban raina shi ba. Amma ba shi na yi kuka a kansa a bakin gadonki ba.

Na ɗaga kai na kalli surukinki. Yana tsaye a jikin taga yana ɗaukar hoton kansa da shadda, zai aika wa yayarsa. Umma, ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta ce in kashe wayar. Ta ce ga farar riga, ga bishiyoyi, ga mutum ya riga ya faɗa wa duniya, kada ki kunyata shi, naɗe kawai. Sai na ji kamar kin riƙe turmin kin ƙi saki.

Na kira shi ya zauna. Na karanta masa da Turanci, na sake juya masa da Hausa a hankali. Ya saurara har na kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Su da kansu suka rubuta wannan?" Na ce doka ce ta sa su. Ya cire hularsa ya duba cikinta, kamar amsar tana can, ya mayar. Ya ce, "Ikon Allah. Mu kullum addu'armu a rufa mana asiri, su kuma ana tilasta musu su tona nasu."

Ya ce in kira mai muryar zuma, ya ji da kunnensa. Na kira, na yi tambaya ɗaya tak: in na gama, zan iya zama jarrabawar nas? Ya yi kewaye-kewaye, na maimaita. Sai zumar ta ragu, ya ce a'a, kuma ai a rubuce yake. Gaskiya ya faɗa. A rubuce yake. Sun nuna, kallo nawa ne.

Jirgin nan in ya isa Manhattan dole kowa ya sauka, ko da komawa za ka yi. Muka sauka tare da jama'a, muka zagaya ta cikin tashar, muka bi layin masu komawa, muka sake hawa. Ina ta sharar hawaye da bakin mayafi, ba na iya kallonsa. Sai da muka yi nisa ya ce, "To, Nas Hafsatu, yau dai mun ci ado mun je mun gaida ruwa." Na yi dariya da kuka a haɗe. Ya ce, "Mutanen masallaci ki bar ni da su. Gara su yi mini dariya yau da ki yi kuka nan da shekara biyu."

Sun kuwa yi masa. An daɗe ana tambayarsa ko asibitin madam ya buɗe. Ya shanye duka, bai taɓa kawo mini ko ɗaya gida da ɓacin rai ba. Ki sa masa albarka, Umma. A littattafaina jarumi yakan zo da mota mai baƙin gilashi. Nawa ya zo da jakar takardu da haƙurin jure tsokana, kuma ban ga wanda ya kai shi ba.

Daga baya na nemi kwalejin gwamnati da ke nan tsibirinmu, wadda bas yake kaiwa. Wannan karon daga gindin shafi na fara, ban ko kalli hotuna ba. Kada ki zaci na tarar da turmi marar aibi. Su ma sun faɗi nasu. Ba duk mai shiga yake gamawa ba. Ba a shiga sashen nas kai tsaye, sai an yi darussan share fage, an ci da kyau, sannan a nema, kuma ana iya hana mutum. Har sace-sacen da aka yi a harabarsu sun lissafa. Amma a layin lasisi sun ce e, hanyar tana kaiwa.

Sai na tuna masu sayenki na gaskiya, waɗanda sukan duƙa su kalli tabon da kyau, su auna da tafin hannu, su ce, "Ba komai, tela zai san inda zai sa almakashi." Irin sayensu na yi. Da na ga yawancin masu faɗuwa a darussan farko suke faɗuwa, sai na nemi ajin ƙarin bayani tun kafin in fara ruɗewa. Ilimin sinadarai ya sha ni, Umma. Akwai lokacin da jarumai suka yi ta aure suna rabuwa a wayata ban leƙa su ba. Ke da kika san ni, kin san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne.

Ga wani abin da zai ba ki dariya. A cikin bayanan nan akwai inda suka ce sakamakon ɗalibi amanarsa ce, ba a ba wa kowa sai da izininsa a rubuce. Na karanta, amma na manta ban gaya wa surukinki ba. Da lokacin fitar da sunaye ya matso, zumuɗi ya hana shi zama. Ya biya ofishinsu da motar aiki, ya ce shi ne mijina, a gaya masa ko an ɗauke ni. Matar ofis ta ce ba za ta iya ba. Ya nuna mata hoton bikinmu a waya. Ta ce hoton ya yi kyau, amma ba za ta iya ba. Ya dawo yana girgiza kai, yana cewa, "Wannan wace irin makaranta ce? Ta tona asirin kanta, ta rufa naki!" Na ce masa addu'ar Ummata ce take bina.

To, ga labarin da na kawo miki. Saƙon ya iso yau da safe, bayan surukinki ya fita. Sun ɗauke ni, Umma. Na shiga sashen nas. Ban zama ba tukuna, akwai tafiya a gaba, kuma na san tsawonta don an nuna mini na kuma kalla. Tun da makarantar ta ce ni ke da ikon zaɓar wanda zai fara ji, ke na zaɓa. A kan sallaya na faɗa miki kafin in taɓa waya. Shi kuma na dafa masa dambun da yake so, yana shigowa zan gaya masa, kuma na san kafin la'asar ta gobe har Kano an ji. Wannan karon ya faɗa, ba mai sa shi zagaya tasha.

Kina tuna shuɗin turmin nan mai zanen ganye, wanda tabonsa ya yi girma har aka rasa mai saye, kika ce a bar wa Hafsatu? Ya daɗe a cikin akwatina, da tsinkenki a jiki. Na kai shi wurin wani tela ɗan Nijar a 125th Street. Ya ce zai yanke wurin ya yar, ba wanda zai sani. Na ce a'a, ya naɗe shi ta ciki, a kalmasar hannun dama. Rigar da zai ɗinka da shi zan sa ranar farko. Duk wanda ya gani zai ga ganye, ni kuma in na juya hannu zan ga inda yatsanki ya tsaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki. Yadda ba ki taɓa ɓoye wa kowa aibin kayanki ba, Allah Ya ɓoye naki ranar da ake warware kowa a rana. Ya ba ni hannu mai sauƙi a kan jijiyar iyayen wasu, Ya kai ladan gare ki. Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi, inda babu turmi mai tabo.

Kin nuna, Umma. Na kalla.

'Yarki mai ƙona tuwo,
Hafsatu